Wata Takwas a Aljihun Yaya Iro

Wana, Alhaji Iro, wanda kuke kira Baffa, ya karɓi takardar sakamakon cutata daga hannun likita, ya ji da kunnensa cewa ciwon daji ne a mafitsarata kuma dole in fara magani cikin 'yan makonni, ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya zo ya dube ni ya ce ba komai, an cire, in gode wa Allah. Wata takwas ina yawo da abin a cikina ban sani ba. Wannan shi ne abin da ya shiga tsakaninmu. Ba gona ba ce, ba maganar uwarku ba ce, ba kuma zafin kaina ba ne kamar yadda ake gaya muku a gidansa. Na san abin da ake cewa: Haladu butulu ne, wansa ya ɗauki nauyin aikin da aka yi masa, ya samu sauƙi ya daina durƙusa masa. Nauyin aikin farko shi ya ɗauka, ban taɓa musu ba. Sauran kuma zan rubuta muku shi a nan da hannuna, da bokon da na bari a aji biyar. In kun ga kuskure ku gyara harafin, kada ku gyara maganar.

Sai in fara daga rini, don can ake zargin abin ya samo asali. Shekara goma sha huɗu na yi a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, ni da Bitrus, wannan dai Bitrus ɗin mutumin Zonkwa da kuka taso kuka gan shi a ɗakin da ke kallon namu. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Da yamma in mun fito ana gane launin yadin da aka yi ranar daga hannuwanmu, in ka yi kaki ma launin ne. Uwarku takan ce mutum ɗaya ta aura amma kullum da kalar da yake dawo mata. Da masaƙar ta rufe kowa ya kama gabansa, ni a ƙarshe na zauna a kan keke mai ƙafa uku, ina ɗaukar fasinja daga Kakuri zuwa Makera, zuwa Sabo in hanya ta yi kyau. Taba kuma na sha ta, ba zan ɓoye ba, sai da aka haifi Sa'adatu na bari.

Jinin ya fara ne ba ciwo ba zafi. Na tsaya bayan wata tasha in yi fitsari, sai na ga ya fito kamar ruwan zoɓo. Ban ko damu ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya yana wanka a kogin Kaduna ya san tsargiya. Mu a lokacinmu yaron da bai yi fitsarin jini ba ma dariya ake masa, wai bai zama namiji ba. Na sayi ƙwayar tsargiya a kemis na sha, ya ɗauke, bayan sati uku ya dawo. Talatu, uwarku, ita ta gani a wando wajen wanki, ta gaya wa matar Bitrus, shi kuma ya tare ni a ƙofar gida ya tuna mini mutum biyu daga sashenmu da suka fara da haka, kuma duka biyun da mu aka binne su. Ya ce tsargiyar da za ta jira ka shekara arba'in kafin ta dawo ba tsargiya ba ce.

A asibiti aka yi hoto, aka zura wata 'yar kyamara ta hanyar fitsari, abin da ban taɓa tsammanin za a yi wa namiji idonsa biyu ba. Likitan, wani gajere mai furfura, ya tambaye ni aikin da na yi da ko ina shan taba, ya rubuta amsar. Ya ce akwai tsiro guda ɗaya a bangon mafitsara, kamar tuntun hula. Aka kankare shi ba tare da an tsaga ni ba, ta hanyar nan dai aka bi. Aka ce an aika naman ɗakin gwaji, a dawo bayan sati uku a karɓi sakamako. Yaya Iro ya tsaya a kaina a lokacin, shi ya yi zirga-zirgar, shi ya cike takardu.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane matsayin Yaya a wurina ba. Ina shekara tara mahaifinmu ya rasu, shi yana da goma sha tara. Shi ya ci da mu, shi ya yi mini aure. Har na yi furfura ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, ido a tabarma. In ya faɗi magana ba na cewa ya maimaita, balle in nemi shaida. To ranar karɓar sakamako ta zo, zama a keke yana yi mini wuya har lokacin, ya aiko cewa in huta, shi zai je, ai ya fi ni jin Turanci. Na ba shi katina da hannu biyu. Bayan la'asar ya shigo ɗakinmu ya zauna a bakin gado.

"Alhamdu lillahi, Haladu. Sun ce ba komai. Ƙari ne kawai, kuma sun cire shi duka."

"Ba sai na koma ba, Yaya?"

"Ka koma ka yi me? Su sake zura maka ƙarfe?"

Na yi dariya, shi ma ya yi, amma bango yake kallo. Bayan ya tafi Talatu ta ce ina takardar. Ta ce ita dai a saninta asibiti ba ya sallamar mutum hannu rabbana, ko awon ciki ne sai an rubuta ranar dawowa. Na daka mata tsawa, na ce wana take tuhuma? Wannan laifina ne, na rubuta shi don ku sani, na kuma nemi gafararta tuntuni.

Sati na zagayowa Yaya ya ɗauke ni a motarsa zuwa Kakau, wajen wani mai saiwoyi, wai a wanke sauran dattin mara. Jarka biyu, ɗaci ba magana. Na sha, don Yaya ya ce. Daga nan sai na fara ganin wani irin kirki da ban saba gani ba. Duk Juma'a sai ya biyo, mutumin da a da sai Sallah yake taka gidan hayarmu. Yau kaza, gobe zuma. Ya zauna yana kallona ina cin abinci. Hajiyarsa ta gan ni a wani suna ta fashe da kuka, ta ce wai na yi mata kama da marigayi mahaifinmu ne. Aka yanka rago a gidansa aka yi sadaka, aka aiko mana da namu naman, na ci na sa albarka, ban san da sunana aka yanka ba. Ashe duk ɓangarensa an sani: matarsa, manyan 'ya'yansa, limamin layinsu, har maƙwabcinsa na kasuwa. Ni mai ciwon da matata, mu kaɗai ne ba mu sani ba. Na yi azumi, na yi Sallah, na yi ƙiba ma, ina ta tuƙa kekena ina gaya wa fasinja yadda Allah ya tashi kafaɗuna.

A wata na takwas, da rana tsaka a Makera, da mata biyu da buhun barkono a baya, marata ta ɗaure. Fitsari ya matse ni amma ya ƙi fita, da na yi nishi sai gudan jini ya faɗo kamar hanta. Na sauke matan na ba su haƙuri, na kira Bitrus. Shi ya tuƙa keken zuwa asibiti, ni ina baya a duƙe. Aka sa roba aka wanke, na samu sauƙi. Washegari likitan nan ya zo zagaye, ya buɗe fayil, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Haladu, ina ka shiga? Na ce ka dawo cikin sati biyu mu fara magani."

"Maganin me, Likita? An ce ba komai."

"Wa ya ce?"

"Wana."

Ya rufe fayil ɗin, ya ja kujera ya zauna. Ya ce ciwon daji ne, kuma irin mai saurin dawowa. Ya gaya wa wana da Turanci, ya gaya masa da Hausa, ya faɗa masa magungunan da za a yi mini, ya rubuta ya ba shi. Ya ce Yaya ya roƙe shi ya bar masa ya sanar da ni a hankali a gida, shi kuma ya yarda, kuma bai kamata ya yarda ba. An yi ta kiran lambar da ke kan kati. Lambar Yaya ce, tunda shi ya cike. Talatu tana tsaye a gefen gado riƙe da filas. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Aka sake kankarewa. Inda a da wuri ɗaya ne, yanzu biyar aka samu. Da sakamako ya fito da ƙafata na je, ni da Talatu, kuma kafin likita ya buɗe baki na ce ya rubuta a bangon fayil da jan biro cewa ba wanda za a ƙara gaya wa maganata sai ni. Ya rubuta, na karanta, na sa ya goge lambar Yaya. Sannan ya yi mini bayani da zane. Ya ce in ɗauki mafitsara kamar ɗaki: akwai fenti, akwai filasta, akwai bulo. Wancan karon abin a kan fenti yake, ya ɗan taɓa filasta. Yanzu guda ɗaya ya ci filasta har ya kusa bulo, amma bai kama bulon ba. In ya kama, ba sauran shawara, sai a cire ɗakin gaba ɗaya, a huda ciki a manna leda, fitsari ya riƙa zuba a cikinta har ƙarshen rayuwa. Ya ce ko a yanzu ma akwai likitocin da za su ce a cire a huta, kuma ba za su yi kuskure ba.

Ɗaya hanyar ita ce magani iri biyu, duka a zuba su cikin mafitsarar ta roba, ba a jijiya ba. Na farko kemo, mai ƙona abin da wuƙa ta bari. Na biyu kuma ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, irin wadda ake yi wa jarirai lamba da ita a dantse don tarin fuka. Ita ba da hannunta take kisa ba. Shiga take ta tayar da hankalin sojojin jiki, su rugo mafitsara suna neman baƙo, in sun zo sai su haɗa da dajin su murƙushe. Ya ce an daɗe ana aiki da kowanne shi kaɗai, ana kuma haɗa su ga masu irin nawa da fatan abin da ya tsere wa ɗaya, ɗayan ya kama shi. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce wata takwas da suka wuce da ya fi jin ƙarfin faɗar maganar. Yanzu kuwa in aka yi kuma ya dawo, ba zai saurari roƙona ba, cirewa zai yi.

Na tambaye shi gashi, don iyakar abin da na sani game da kemo ke nan. Ya ce wannan a mafitsara zai tsaya ya fita da fitsari, ɗan gashin da ya rage mini ba wanda zai taɓa. Na tambaye shi tarin. Ya ce ana kiyayewa, in zazzaɓi ya yi tsanani ko ya wuce kwana biyu in zo da gudu. Ledar nan ita nake ta gani a idona. Daga baya wani malami ya gaya mini mai leda ma sallarsa ta yi, lalura ce, na kuma ga mutane a layin asibitin da ledarsu suna harkarsu, ba na raina su. Amma ni a ranar abin da na hango shi ne sahun Juma'a kafaɗa da kafaɗa, da ramukan titin Kakuri a kan keke. Na dubi Talatu. Ta ce, jikinka ne, Malam. Tun da aka fara ba wanda ya taɓa faɗar haka. Na ce a zuba.

Sati tara, duk Laraba. Sati biyu ƙwayar, na uku kemo, a sake juyowa. Tun safe ba shan ruwa, a sa roba, a zuba, a zare robar, a ce ka riƙe awa biyu. Riƙe fitsari awa biyu a mafitsarar da aka kankare sau biyu, wanda bai yi ba ba zai sani ba. Sista takan leƙo jim kaɗan ta ce juya, rigingine, dama, rub da ciki, hagu, kamar mai suyar masa, don maganin ya taɓa ko'ina. Kemon da na gan shi a sirinji sai da na yi dariya ni kaɗai: shuɗi ne mai ɗan ja, sak rinin da muke yi wa yadin 'yan makaranta. Da na gaya wa Bitrus ya ce to ai shi ke nan, rini ya shigar da ita rini zai fitar, su ƙarata can a tsakaninsu.

Wahalar da ban hango ba ita ce bayi. An ce ranar da aka zuba ƙwayar, duk fitsarin da na yi cikin awa shida sai in zuba masa bilic ɗin wanki, in jira minti goma sha biyar kafin in kora da ruwa, in wanke jikina da sabulu. Gidanmu ɗaki goma sha ɗaya, bayi biyu. Ni kuma a ranakun nan ina fitowa nake komawa. Ku tuna layin da ake yi da butoci, ku tuna warin bilic da ya cika tsakar gida. Kafin sati na uku magana ta zagaya: wasu tarin fuka, wasu ƙanjamau nake ɓoyewa. Wata ta hana 'ya'yanta zuwa ƙofarmu. Ni da aka ɓoye wa cutata ban ga dalilin ɓoye ta ga kowa ba. Wata Lahadi bayan su Bitrus sun dawo coci, tsakar gida cike, na tsaya wajen famfo na ce ciwon daji gare ni a mafitsara, ga maganin da ake mini, ga dalilin bilic, mai tambaya ya yi yanzu. Ba wanda ya yi. Bitrus ya ce daga yau bayin hagu na Haladu ne duk Laraba, wanda ya matsu ya zo ya karɓi makullin na bayan shagonsa na walda. Haka aka yi har aka gama.

Duk wannan lokacin ban je wurin Yaya ba, ban kuma aika ba. Ya zo asibiti sau ɗaya, na juya fuskata bango. A sati na biyar ƙwayar ta kayar da ni: zazzaɓi, rawar sanyi, gaɓoɓi kamar an daka, fitsari kamar barkono. Da yammacin ranar ya yi sallama, da jarkar Kakau a hannu. Ya tsaya a kaina ina karkarwa cikin bargo.

"Ka gani ko? Abin da na guje maka ke nan. Su zuba maka guba, su zuba maka tari."

Na ƙara jan bargo. Haƙorana na haɗuwa, kuma shirun shekara arba'in a gabansa ba ya fita a rana ɗaya. Talatu ce, wadda ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, ta tashi ta ɗauki jarkar ta kai ta ƙofar gida ta ajiye kusa da motarsa, ta dawo ta ce, "Yaya, a sauka lafiya." Washegari zazzaɓin ya sauka. Laraba ta gaba na koma.

Na san inda maganar tarin ta fito, kuma adalci ne in gaya muku. Tarin fuka ne ya kashe kakanku. Ni ban tuna komai ba sai sautin tarin ta bayan asabari. Yaya shi ya riƙe ƙwaryar da yake tofa jini a ciki, wata da watanni. Kuma har tsohon ya cika ba wanda ya gaya masa sunan cutarsa, sanyi ake ce masa. Haka gidanmu yake, haka gidaje da yawa suke: mai jinya ba a faɗa masa, wai kada zuciyarsa ta karye, manya su ɗauke masa nauyin sani. Da Yaya ya ji ciwon daji da kemo da ƙwayar tari a zama ɗaya, sai ya yanke cewa na riga na tafi, abin da ya rage a bar ni in tafi da ƙiba da dariya. Na fahimta, amma fahimtar ba ta dawo mini da wata takwas ba.

Bayan an gama sati taran aka sake zura kyamara. Likita ya juyo da allon ya ce in duba da kaina. Bango jawur, duk tabo, amma ba tuntu ko ɗaya. Ya ce kada in yi murna tukuna. Za a ci gaba da zuba maganin jefi-jefi, kyamara kuma duk wata uku. Yanzu shekara biyu da 'yan watanni ke nan ana leƙawa ba a ga komai ba. Mafitsarar ta ƙanƙance, ba ta riƙe abin kirki. Na san kowane masallaci mai bayi daga Kakuri zuwa Sabo, da su nake tsara hanyata. Duk satin da za a leƙa abinci ba ya shiga, uwarku ta sani. Mafitsarar tana nan dai a jikina. Ko za ta kai ni ƙarshe, likita ma ya ce bai sani ba, kuma na fi son bai sani ba ɗin nan da ba komai ɗin Yaya.

Baffanku ku gaishe shi, ku durƙusa masa, ku ci abincin gidansa. Bai yi muku komai ba. Amma ranar da aka ba ɗayanku takarda a kaina, ko likita ya ja shi gefe a baranda, ya dawo da likitan gaban gadona ya faɗa ina ji. Wanda ya ce mini ba komai alhali da komai, ban yafe ba, ko Sa'adatu ce.

Saura yadda muka ƙare da shi, tunda an ba ku labarin a karkace. Sati guda bayan kyamarar farko mai kyau, dattawan dangi suka aiko cewa tunda Allah ya ba da sauƙi in je in ba wana haƙuri a wuce wurin. Na ce zan je, amma ni kaɗai. Da hantsi na tuƙa kekena na haye gada zuwa Unguwar Sanusi. Yana zaure a kan darduma yana sauraron rediyo. Na cire takalmi, don gidan mutane ne, na yi sallama, na tsaya a tsaye. Ya dube ni, ya dubi tabarmar da ke gabansa, ya sake dubana. Ya kashe rediyon.

"Zauna mana."

"Takardata na zo karɓa, Yaya."

Na ɗauka zai ce ta ɓace. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata 'yar jakar fata da na sani, wadda carbin mahaifinmu da hularsa suke ciki. Daga nan ya zaro ta, naɗi huɗu, gefenta duk ya yi laushi saboda buɗewa da rufewa. Na buɗe. Turancin ban iya ba, amma a ƙasa likita ya rubuta ranar dawowa ya ja mata layi biyu, wannan ko ɗan aji ɗaya zai karanta.

Ya ce shi ya san abin da ya ɗauka a watannin nan, ba addu'ar da bai sa an yi ba. Ya ce ya ga yadda tsohonmu ya ƙare, ya rantse ba zai tsaya yana kallo a zuba wa ƙaninsa wannan cutar da hannu ba. Ya ce a matsayin uba ya yi, kuma ko yau aka maimaita ba ya jin zai iya duban idona ya furta sunan ciwon. Hawaye yake yi, na gani, ba na ƙarya ba ne. Na jira ya gama. Na naɗe takardar na sa a aljihuna, sannan na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, ka ci da ni, ka yi mini aure, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma mutum kamar ni, da mata da 'ya'ya shida, ka yanke masa mutuwa kai kaɗai, ka yanka masa rago, ka aiko masa da naman ya ci. Wuri ɗaya ne lokacin da aka ba ka takardar nan. Biyar aka samu da na koma. Huɗun nan naka ne. Ba kai aka zura wa roba ba, ba kai za a manna wa leda ba, ba wanda ya ce ka zaɓa mini. In ka yi ciwo zan zo, in kai ka asibiti a kekena, in tsaya a kanka. Kuma duk abin da likita zai faɗa, a gabanka zai faɗe shi, ko kana so ko ba ka so. Gaisuwa kuwa, daga yau a tsaye za ka riƙa samunta."